Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Uban Ƙasa Kan Ɗakin Makaɗan Shiyarmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi nasara. Mu talakawanka ne, makaɗa da 'yan amshi da iyayen yara na shiyarmu a nan Sakkwato, mun durƙuso gabanka da kukanmu.

Larabar da ta wuce, bayan la'asar, muka tarar an canza kwaɗon ɗakin da muke taruwa, an jibge buhunan wani ɗan kasuwa a ciki, kayanmu kuwa an watso su tsakar gida. Ko sallama ba a yi mana ba. Da dare ruwa ya sauka. Fatun kalangunmu suka jiƙe suka saki, kotson da wani dattijonmu ya gada wurin mahaifinsa ya tsage a baki. Da safe ya tsuguna yana shafa shi, bai ce wa kowa uffan ba.

Tun da aka fara raɗe-raɗin karɓe ɗakin mun je nan, mun je can, mun kai takarda, an ce mu dawo, mun dawo har mun daina ƙirgawa.

Ranka ya daɗe, kiɗa ba a koyon sa a kaɗaice. Yaro da ɗaukar kaya yake farawa, ya shiga amshi, ya gane inda zai karɓa da inda zai yi shiru, sannan wata rana a ba shi gaba. Narambaɗa da Jankiɗi ma da 'yan amshinsu suka yi suna. A ɗakin nan samarinmu suke haɗa baki, daga nan ake kiran su biki da suna su samo na cefane. Ranar Asabar kuma 'yan mata ke bitar bege da waƙen wa'azi. Mai cewa shashanci ne, ya tuna cewa da waƙa jajojin Nana Asma'u, wato matan da ta naɗa malamai, suka karantar da 'yan taru, matan da ke taruwa neman ilimi.

Muna roƙon ka sa a buɗe mana ɗakin. A gano wanda ya ba da izinin watso kayan, a biya gyaransu, musamman kotson nan. A kuma ba mu takarda da hatiminka, kada gobe wani ya sake zuwa da kwaɗo. Ko ba komai, ranka ya daɗe, a buɗe ɗakin kafin Asabar, don yaran suna zuwa su tsaya bakin ƙofa.

Allah ya taimake ka, ya bar mana kai.

Talakawanka,
Makaɗa, 'yan amshi da iyayen yara.