Sanarwa: Dashen tumatir ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa ƴan ƙungiyar lambu, barkanmu da war haka.

Irin tumatir ɗinmu ya kai sati 4, in ya ƙara kwana zai miƙe ya langwaɓe. Saboda haka za mu yi dashe ranar Asabar bayan La'asar, don kada rana ta dafa shi.

Kowa ya zo da fartanya ko bokiti, da naira 500 na takin kaji. Masu ban ruwan Juma'a, ku jiƙa kwamin sosai, kada saiwa ta tsinke wajen cira.

Sababbin ɗalibai kuma, bisa al'ada, kowa zai dasa zogale ɗaya, shi da ban ruwansa har ya gama makaranta.

Allah ya sa albarka.
Naku, Sakatare