Rahoton Ayyukan Shekara: Kwatanta Rukunoni a Binciken Hoton Ƙwaƙwalwa

Ya ku membobi masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin ayyukan shekarar da ta gabata, wadda babban taro ya keɓe ga batu guda, wato yadda ake kwatanta rukuni da rukuni ta hanyar ƙididdiga, kamar masu cutar mantuwa da takwarorinsu masu lafiya, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne wajen bitar horaswa, inda muka yi ta nanata cewa a irin wannan bincike mutane ake ƙirgawa, ba hotuna ba. Na'ura kan ɗauki ɗaruruwan hotuna na mutum guda a zama ɗaya, amma hakan bai ƙara ko mutum ɗaya a rukuni ba. Wajibi ne a fara taƙaita bayanan kowane mutum a taswirar ƙwaƙwalwa guda, sannan a kwatanta taswirorin, domin bambancin da ke tsakanin mutane ya shiga cikin lissafi.

Ƙaramin kwamitin da ke duba daftarin maƙalun membobi ya yi ta cin karo da kuskure ɗaya: a jera taswira biyu gefe da gefe, ta marasa lafiya da jan tabo a goshin ƙwaƙwalwa, alamar an ga tasiri a wurin, ta masu lafiya kuma fayau, sai a rubuta a ƙasa cewa rukunonin sun bambanta. Wannan ba hujja ba ce, domin ana iya samun rukunin farko ya tsallake ma'aunin da ake yanke cewa akwai tasiri da ƙyar, na biyu kuma ya gaza da kaɗan. Dole ne a gwada bambancin kansa kai tsaye. A 2011 Sander Nieuwenhuis da abokan aikinsa sun gano wannan kuskure a kusan rabin maƙalun da batun ya shafa a manyan mujallu, don haka ba mu ɗauke shi abin kunya ga matasanmu ba, amma mun mayar da kowane daftari don gyara.

A zaman karatu mun tsaya sosai a kan binciken Anders Eklund da Thomas Nichols da Hans Knutsson na 2016. Tunda ana raba ƙwaƙwalwa zuwa dubban ƙananan gurabe kuma a gwada kowanne, sakamakon bogi na da sauƙin faɗowa. Sun nuna cewa wasu hanyoyin tace shi a manhajojin nazarin hoton ƙwaƙwalwa na SPM da FSL da AFNI na iya kai yiwuwar sakamakon bogi kashi 70 cikin 100 maimakon kashi 5 da ake zato. Hanyar da ta fi riƙe amana ita ce a cakuɗa sunayen rukunoni a tsakanin mahalarta sau dubbai, a ga sau nawa bambanci ke fitowa bisa sa'a kawai. Kwamiti na ba da shawarar a riƙe ta duk inda tsarin bincike ya ba da dama.

Mun kuma taɓo motsin kai a taƙaice. Yara da tsofaffi da marasa lafiya sun fi motsawa a cikin na'ura, kuma motsin da bai kai milimita ɗaya ba yana iya yin kama da bambancin rukuni.

Aikin da bai kammala ba shi ne haɗa bayanai tsakanin cibiyoyi, kuma wannan yana damunmu matuƙa, ganin cewa tun 2013 Katherine Button da abokan aikinta suka kiyasta matsakaicin ƙarfin gano gaskiya a binciken ƙwaƙwalwa, wato damar gano tasiri idan akwai shi, da kashi 21 cikin 100 kacal, saboda ƙarancin mahalarta. Cikas ɗin shi ne na'urori sun bambanta, kuma idan aka ɗauki rukuni guda a wata na'ura, ɗayan a wata, ba za a iya raba tasirin cuta da na na'ura ba. Wannan shi ne aikin farko a shekara mai zuwa. Ana roƙon duk mai sabon bincike ya aiko wa sakatare da tsarinsa, ɗauke da yawan mahalarta da gwajin da zai yi, kafin ya ɗauki hoton farko.