Waƙar Annie da babu sunan Annie a ciki

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan sam min fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wata tsohuwar waƙar Turawa da na ji ɗan ƙanena yana kunnawa a waya shekaranjiya, wai shi a tunaninsa sabuwa ce, na ce yaro zauna, waƙar nan ta girmi babanka.

Annie's Song ake ce mata, John Denver ɗan Amurka ne ya yi ta, ta fito a 1974 cikin faifansa Back Home Again. Irin kiɗan nan ne nasu na jita mai sanyi da suke kira fok-rok. Matarsa Annie Martell ya yi wa, sun yi aure tun 1967, to an ɗan samu saɓani kamar yadda ake samu a kowane gida sai suka shirya, shi ne yana kan kujerar nan mai lilo da ke hawa da masu wasan ƙanƙara kan dutsen Aspen a jihar Kolorado waƙar ta zo masa, wajen minti 10 kacal, ya sauko ya ruga gida ya rubuta. Ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta hau a Ingila ma, kuma a Ingila ita kaɗai ce waƙarsa da ta taɓa kai wa nan.

Ni abin da ke ɗaure min kai Edita, ka saurare ta daga farko har ƙarshe ba za ka ji sunan Annie ko sau ɗaya ba, sunan yana jikin take ne kawai. Ciki daji ne da duwatsu da ruwan sama da teku. Shi ya sa kowa ya ɗauke ta tasa, ana ta sa ta a bukukuwan aure. Mu nan kuwa in an je situdiyo yi wa amarya waƙa sai an jero sunanta da na ango da na uwar biki da ƙawaye har da mai kwalliya, bayan sati biyu ko su kansu ba sa kunnawa. Ban ce a daina ba fa, mawaƙi ma abinci yake nema.

Auren John Denver da Annie dai bai ɗore ba, sun rabu a 1982, kuma rabuwar ba ta yi kyau ba sam, shi da kansa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa cewa cikin fushi ya ɗauko injin yanka katako ya raba gadonsu gida biyu. Mutumin da ya yi wannan waƙar fa! Ya rasu a Oktoban 1997, ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya.

Ita kuwa waƙar tana nan tana yawo. James Galway ɗan Ayalan ta Arewa ya busa ta da sarewa a 1978 ta kai lamba 3 a Ingila. Masu kallon ƙwallo kuma wlh kun sha jin ta ba ku sani ba, magoya bayan Sheffield United sun ɗauke karin suka zuba nasu baitukan, a filin Bramall Lane dubban ƙarti ke rera ta, sai dai su ba mace suke wa ba, giya da taba da burodi mai soyayyen dankali suke yabo.

Na gode Edita, a gaida ma'aikata.

Naka,
Mai karatu daga Zariya