Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa

Mai girma Shugaba, assalamu alaikum.

A watan Oktoban 2024 ƙungiyarku ta zauna a Kaduna ta ƙi amincewa da sabon tsarin rabon harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, kuma kuna da hujja, domin kuɗin da ake rabawa a Abuja duk wata ƙayyadadde ne, abin da aka ƙara wa wata jiha daga kason wata aka zabge shi. Damuwata ita ce wannan lissafi na rabo ya mamaye tunaninmu a kan arziki baki ɗaya, har talaka ya ɗauka cewa ba mai samu sai wani ya rasa.

Lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970, gonakin Kadawa da Kura, waɗanda a da sai damina ta sauka ake taɓa su, suka koma ba da shinkafa da alkama da tumatir da rani. Ba daga rumbun kowa aka ɗebo wannan amfani ba, kuma mai injin casa da direban mota da ɗan dako duk sun ci albarkacinsa. Amma masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru sun ga raguwar ambaliyar da suke dogara da ita, saboda haka ko aikin da ke haifar da dukiya sai an duba wanda ya bari a baya.

Inda zargin talaka yake da gaskiya shi ne dukiyar da ake tarawa ta hanyar kumbura kwangila da wawure baitulmali, domin ita kam daga asibitinsa da makarantar 'ya'yansa aka ciro ta.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa. Babu kason da zai ciyar da wannan adadi. Ina roƙon ku sa irin himmar da kuka sa a kan VAT wajen samar wa masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa wutar lantarki, kuma kowane gwamna ya riƙa bayyana wa jama'arsa duk shekara yawan kadadar noman rani da ya ƙara.

Wassalam,
Wani ɗan Arewa daga Kano