Zaki mai kambi a tambarin ƙungiyarmu, ina aka baro dagi?

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, don Allah ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Muna da 'yar ƙungiyar ci gaban unguwa a nan Tudun Wada, aikinmu yashe kwata da taimaka wa marasa lafiya. Da muka tashi yin rajista aka ce sai da tambari, sai aka ɗora wa wani yaronmu mai aikin kwamfuta. Ranar taro ya buɗe wayarsa ya nuna mana: zaki ne tsaye da ƙafa biyu, da kambin sarautar Turawa a kansa, an kewaye shi da ganyen zaitun. Aka yi ta tafi. Na ce masa, "Ɗana, wannan zakin na wane daji ne?" Ya ce a intanet ya samo, kuma ai ya yi kyau, Baba. Kyau kam ya yi. Sai dai da za a goge sunanmu a rubuta na wata ƙungiyar ƙwallo ta Ingila, ba wanda zai ce an yi kuskure.

Ban ga laifin yaron ba, mu ne ba mu gaya masa ba. Ita kanta kalmar tambari, asalinta sunan gangar sarauta ce, wadda ba a buga wa kowa sai sarki. Wanda ya jiyo ta daga nesa ya san gidan da ake nufi. Alamar da ta ci wannan suna kuwa, ai ya kamata ta faɗi su wane ne masu ita.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin manyan riguna ne a Zariya. Ina yaro na sha zama gefen tabarmarsa yana zana dagi da alƙalamin kara da tawada a jikin yadi, kafin ya ɗauki allura. Layi ya hau kan wani, ya nutse ƙarƙashin na gaba, ya sake ɓullowa. Ka bi da yatsa har ka gaji, ba za ka ga mafari ba balle ƙarshe. In ɗan koyo ya kuskure layi ɗaya ya hau sau biyu a jere, sai ya sa a warware aikin gaba ɗaya, ya ce wannan ba dagi ba ne, kwaɗo ne. Da aska biyu, da aska takwas ta ƙirjin riga, kowane zane da sunansa. Magina ma haka suke yi a bangon soro, duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ya gani.

Wannan dagin ne aka riƙe a matsayin alamar Arewa zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1966, lokacin Kaduna ce hedikwata. Tarar da shi ya yi a hannun maɗinka da dukawa da magina, ya ga ya dace da taken Arewa ɗaya, al'umma ɗaya. Ni dai fahimtata, a dagi babu zaren da ke zama a sama kullum, wanda ya hau a nan shi zai sunkuya a can. Yau ga shi a jikin Keke Napep, ga shi a fostar 'yan takara, har da waɗanda ke hawa mumbarin siyasa suna raba mutane da ƙabila da addini. Ina ma su ratsa Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, su ɗan zauna.

Kuma ba dagi kaɗai muke da shi ba. Sunan garin nan namu, Kaduna, a faɗar da aka fi sani, daga kadojin kogi ya fito. Wata 'yar Gbagyi da ke cikin kwamitinmu ta tuna mana cewa matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, saboda kai a wurinsu sarkin jiki ne, ba a ɗora masa nauyi. Shekara nawa ina ganin haka a hanyar kasuwa, ban taɓa tambaya ba, na ji kunya. Mutanen Ham na Jaba kuwa, a ƙasarsu garin Nok yake, wanda mutum-mutumin yumɓun nan da duniya ta sani suka ci sunansa.

Roƙona Edita, ka tura wakilinku Zariya ya zauna da ragowar tsofaffin maɗinka da magina, a ɗauki hoton kowane zane da sunansa daga bakinsu, a riƙa bugawa ko da wata-wata ne.

An ɗage maganar tambarin sai Asabar mai zuwa. Shekaranjiya yaron ya zo gida bayan la'asar, na ciro masa rigar mahaifina daga adaka, ya ɗauke ta hoto, ya daɗe yana bin dagin da yatsa. Ma'ajinmu dai har yanzu yana kan bakansa, wai zakin ya fi kwarjini.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.