Zuwa ga Ummi, kan gwajin da ya wuce a wurinki ya faɗi a injin kamfani

Assalamu alaikum Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Gombe? Mu nan Bauchi lafiya lau, Alhamdulillahi. Mamanki na gaishe ki, haka ma ƙannenki.

Maganar da kika faro mini a waya ce ta sa na ɗauki alƙalami, don layin ya yi ta yankewa ban samu na ba ki amsa yadda nake so ba. Kin ce gwajin da kika rubuta wa manhajar tushe, wato wadda ke fara farkawa a kwamfuta kafin Linux ko Windows su tashi, yana wucewa sumul a kwamfutarki, amma da an kai shi injin kamfani sai ya faɗi, har wani abokin aikinki ya fara yi miki kallon wadda ba ta iya ba. Ki kwantar da hankalinki. Wannan matsala ta girme ki, tun ina kula da ɗakin kwamfuta nake ganin irinta.

Tambaya ɗaya ake biyanki ki amsa: OVMF ɗin da aka gina yau, wato manhajar tushen da kuke gwadawa a kwamfutar kwaikwayo, ta ɓata wani abu da yake aiki jiya, ko ba ta ɓata ba? Ba ki da bakin amsa wannan sai in ita kaɗai ce ta canza tsakanin jiya da yau. Ki tuna masu hatsi a kasuwar Muda Lawal. In kin auna buhu yau da wani mudu, gobe da wani, kika ga ya ragu, ba za ki san ko ɓera ne ya ci ko mudun ne ya fi faɗi ba. To mudunki ba ƙarami ba ne. A cikinsa akwai QEMU da ke kwaikwayon kwamfutar, akwai Python da ƙunshe-ƙunshen da gwajinki ya jingina da su, akwai faifan da ake tayarwa, akwai swtpm mai kwaikwayon TPM, ɗan guntun tsaron kwamfuta, in kuna gwada shi. In kuma ku kuke gina OVMF da kanku daga EDK II, inda asalin rubutunta yake, sai ki ƙara da kayan ginin, GCC da NASM da iasl. Kowannensu yana da sigarsa, kuma kowanne na iya sauyawa ba tare da ya yi miki sallama ba.

Bari in fara da Python, tunda nan kika ce kin taɓa tilasta wa pip, mai girka ƙunshe-ƙunshen Python, ta hanyar sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko. Ki daina. Debian 12 da ta fito a 2023, da Ubuntu tun daga 23.04, suna ƙin bari pip ya zuba kaya a cikin Python ɗin babbar manhaja, wato ita Linux ɗin da ke tafiyar da kwamfutar, kuma suna da gaskiya. Kayan aikin ita kanta babbar manhajar da yawa da Python aka rubuta su, in pip ya danne musu wani ƙunshi da sabuwar siga, sai ki wayi gari abin da ba shi da alaƙa da aikinki ya lalace. Hanyar da suka bari ta wucewa da ƙarfi, --break-system-packages, ba taki ba ce. Tun 2012, da fitowar Python 3.3, akwai venv a ciki. Da shi, kowane aiki ki buɗe masa nasa keɓaɓɓen muhalli, ki zuba masa abin da yake bukata, iyakarsa ke nan. Amma ki sani venv ba ya ɗauke da cikakken Python nasa, yana jingine ne da wanda aka ƙirƙire shi da shi. Ranar da babbar manhajarki ta tashi daga Python 3.11 zuwa 3.12, muhallin na iya mutuwa, kuma a 3.12 ɗin ne aka cire distutils wanda tsofaffin ƙunshe-ƙunshe da yawa ke nema. Don haka ki rubuta sigar Python ɗin ma. Shi muhallin kada ki ji tausayinsa, kada ki sa shi a git, ma'ajiyar rubutun aikinku, kada ki kwafe shi zuwa wata folda. In kin yi shakkarsa ki goge, ki sake ginawa daga takardar jerin kaya. In takardar ta kasa dawo miki da shi, to da ma ita ce ba ta cika ba.

Ita takardar, kowane suna ki ɗaure shi da lambar siga takamaimai, ba "daga kaza zuwa sama" ba. Kuma ba waɗanda kika kira da bakinki kaɗai ba, har waɗanda su suka jawo a bayansu, don ta nan ɓarna ta fi shigowa. pip yana da --require-hashes, wanda ke sa ya ƙi karɓar duk fayil ɗin da lambar SHA-256 ɗinsa, wadda kamar zanen yatsansa ce, ba ta dace da wadda kika rubuta ba. Daga nan ki sauke komai sau ɗaya da pip download, ki ajiye a folda, ki riƙa girkawa daga can da --no-index. Mutanen Turai na yin haka don tsaro. Ke kina da ƙarin dalili biyu, tsadar data da ɗaukewar wuta. Gwajin da sai ya leƙa intanet kafin ya tashi, rabin faɗuwarsa a Tumfure ta Gombe ba laifin OVMF ba ne. Ko a Turai ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2016 wani ya janye ɗan ƙunshinsa mai suna left-pad daga npm, rumbun ƙunshe-ƙunshen JavaScript, layi 11 kacal, sai ga ginin manyan ayyuka ya tsaya cak a ko'ina a duniya.

Kada ki ɗauka ina nufin ki daskarar da komai har abada. Tsohon kaya ma yana da ramukansa. Abin da nake nufi, sabuntawa ta zama aiki mai zaman kanta, da ranarta, da idonki a kai, ba a haɗa ta da canjin manhajar tushe ba. Kin san labarin xz, manhajar matse fayiloli, na Maris 2024, da aka cusa ƙofar baya a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ya gano ta ne don ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi yin shiru. Waɗanda ta riska su ne masu bin sabon kaya da zafinsa, irin su Debian ta gwaji da Fedora Rawhide. Masu kan tsayayyar Debian ba ta kai gare su ba.

Yanzu ga inda nake zargi a taki matsalar, ko da yake ban ga injin ba. OVMF kan zo a fayil biyu. OVMF_CODE shi ne manhajar kanta, karantawa kawai ake yi. OVMF_VARS kuwa nan take ajiye abin da ta tuna: jerin abin da za a fara tayarwa, makullan Secure Boot da ke tantance abin da aka yarda ya tashi, da sauran saituna. A zamaninmu wannan tunawa tana cikin CMOS, in kwamfuta ta rikice sai mu zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo mu mayar, ta manta komai. Ke ba ki da batirin zarewa. Duk tashin da kwamfutar kwaikwayo ta yi tana iya rubutu a cikin VARS. In fayil ɗaya kike ta amfani da shi tun da kika fara, to ya riga ya haddace hanyar faifanki. Injin kamfani kuwa da sabo fil yake farawa, bai san komai ba, yana iya ɓata lokaci wajen neman tashi ta hanyar sadarwa, ko ya faɗa cikin shell na UEFI, allon da manhajar tushe ke jiran a rubuta mata umarni, ya zauna, har wa'adin gwajin ya ƙare. In haka ne, nasu sakamakon ne na gaskiya, naki ne ya samu taimakon da ba ki sani ba. Maganin ba wuya: kowane gwaji ya kwafi sabon VARS zuwa folda ta wucin gadi, ya yi aikinsa, a share. Haka foldar da swtpm ke ajiye halinsa. Haka faifai, kada gwaji ya taɓa na asali, ki shimfiɗa masa faifan wucin gadi na qcow2 a sama ya yi rubutunsa a can, ko ki ba QEMU umarnin -snapshot.

Sai abubuwa biyu na QEMU. In wajen zaɓen irin kwamfutar da zai kwaikwaya kin rubuta q35 kawai, kin ce masa ya ba ki sabon samfurin da yake da shi, kuma wannan ya danganta da sigar QEMU ɗin da ke kan injin. Ki rubuta cikakken suna, irin pc-q35-8.2. Na biyu, KVM, sashen Linux da ke sa kwamfutar kwaikwayo ta yi gudu kusan kamar ta gaske. Kwamfutarki na da shi, injin kamfani mai yiwuwa ba shi da shi, kuma in an tsara QEMU ya koma TCG, wato kwaikwayo da manhaja zalla, idan bai samu KVM ba, zai koma ya ci gaba da tafiyar hawainiya. Wa'adin da kika yanka da saurin KVM ba zai isa ba. Gara gwajin ya tsaya tun farko ya ce babu KVM.

Na san za ki ce ai akwai Docker da Podman, masu ƙunshe aiki da kayansa duka a cikin abin da ake kira kwantena. Suna da amfani sosai, musamman wajen ɗaure GCC da NASM da QEMU wuri guda. Sai dai kwantena ba ta da zuciyar Linux tata, wato kernel, ta injin da take kai take ara, kuma /dev/kvm, ƙofar shiga KVM, daga can yake zuwa. Sannan in kin kira hoton kwantena da latest, kin sake buɗe ƙofar da kika rufe. Ki kira shi da lambar sha256 ɗinsa.

Kowane gwaji ya fara da rubuta sigar QEMU, da ta Python, da SHA-256 na fayilolin OVMF, da ko KVM ne ko TCG. Ki adana rubutun da kwamfutar kwaikwayo ta fitar ta serial, in kuma ginin DEBUG ne, na neman kuskure, ki kama saƙonnin da OVMF ke fitarwa ta mashiga 0x402. Da waɗannan a hannu, idan kin je wurin abokin aikin nan kada ki ce masa "ai a wurina yana yi". Ki ajiye naki bayanan kusa da nasu, ku bi layi-layi har ku kai inda suka rabu. Ki yi masa magana da ladabi, ko da ya gaza yi miki.

Mamanki ta ce in tambaye ki ko za ki samu zuwa bikin 'yar gidan kawunki a ƙarshen wata. In za ki zo, ki kamo motar safe, ki taho da kwamfutar. Akwai tsohon inji a ɗakina, za mu sa masa sabuwar Debian, ki ba ƙaninki takardar umarninki ya bi shi kaɗai ba tare da kin sa baki ba, mu ga ko gwajin zai tashi. Kafin nan ki turo mini bayanan gwajin biyu ta WhatsApp in kamfani bai hana fitar da su ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
daga Bauchi