Kokawar Turawa: Ba Ƙarfi Ke Kawo Kambu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri tare da sauran ma'aikatan wannan jarida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda shafinku na wasanni yake kawo labarin kokawar Turawa, wato resilin. Duk sanda kambu ya sauya hannu, sai a rubuta labarin kamar na damben boksin: wane ya fi ƙarfin wane, ya kayar da shi. Wata rana kuma a juya a ce ai duk ƙarya ce, a rufe zancen. Babu ɗaya daga ciki da zai gamsar da wanda ya san harkar.

Cewa ana tsara sakamako tun kafin a hau dandali ba sirri ba ne. A 1989 kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa wasan nishaɗi yake yi ba gasa ba, domin ya fita daga ƙarƙashin hukumar wasannin jihar da kuɗaɗen da take karɓa. Tunda masu abu sun faɗa da bakinsu, tambayar da ta kamaci ɗan jarida ita ce: me ya sa kamfani ya ba wane kambu a yanzu, kuma ina aka nufa da labarin? Bruno Sammartino ya karɓi kambu daga hannun Buddy Rogers ranar 17 ga Mayun 1963 cikin daƙiƙa 48, ya riƙe shi kwana 2,803. Dalili kuwa shi ne shi ke cika babban zauren wasanni na Madison Square Garden da 'yan kallo, musamman 'yan asalin Italiya mazauna New York. Wanda ke kawo kuɗi shi ake ɗaura wa kambu.

Ga yadda ake haɗa wasa. Mai tsarawa yakan yanke abu uku: wanda zai ci, yadda za a ƙare, da yawan mintocin da aka ba su. Abin da ke tsakani na 'yan kokawan ne. Tsofaffin hannu a cikin dandalin suke raɗa wa juna abin da za a yi gaba, galibi lokacin da ɗaya ya maƙe wuyan ɗaya, kuma bisa al'ada bos ne ke jan ragamar akta, yana sauraron ihun jama'a yana rage gudu ko ƙarawa. Alƙalin wasa yana da ɗan abin sauraro a kunne, ta nan ake gaya masa lokacin da ya rage daga bayan fage, shi kuma ya isar.

Amma faɗuwa ba a tsara mata sauƙi. Dandalin WWE ƙafa 20 ne tsawo da faɗi: ƙarafa a ƙasa, katako a kansu, sai siririn soso da zane mai kauri. Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne ya manna haɓa a ƙirji, ya sauka a kan faɗin bayansa na sama, ya buga hannuwa biyu a ƙasa a lokaci guda domin nauyin ya bazu. In ya saki wuya, ƙeyarsa ta doki katako. In ya tare da hannu, wuyan hannu ko kafaɗa su goce. A salon nan da ake kifa mutum kai a ƙasa, dole kan nasa ya ɓuya tsakanin cinyoyin mai ɗaga shi, kada ya leƙo ko kaɗan. A babban wasan WWF na SummerSlam a Agustan 1997 kan Steve Austin ya leƙo lokacin da Owen Hart ya zauna da shi, jikinsa ya shanye na ɗan lokaci a tsakiyar wasa, kuma ciwon wuyan nan ne ya bi shi har ya ajiye kokawa a 2003 yana ɗan shekara 38. Jinin da ake gani a fuska a wancan zamani na gaske ne, sai dai mai shi ne ke tsaga goshinsa da guntun reza da ya ɓoye cikin filastar hannu, gumi ya haɗu da shi ya yi kamar ya fi haka yawa. In aka yi rashin sa'a reza ta taɓa jijiya, sai asibiti. Shi kansa Owen Hart ya rasu ranar 23 ga Mayun 1999 a Kansas City, bayan maƙalin igiyar da ake sauko da shi daga rufin fili ya kwance. Yayansa Bret Hart kuma, shurin da Goldberg ya yi masa a kai a Disamban wannan shekarar ne ya kawo ƙarshen sana'arsa. Wanda ya ce wa iyalin Hart wannan wasa ƙarya ne bai yi musu adalci ba.

Inda gwanintar take shi ne gina gaba tsakanin mutum biyu. Ana sa jama'a su ƙi bos, a hana akta kama shi wata da watanni, sai ƙishirwa ta kai maƙura a biya su a babban wasa. Misalin da ya kamata kowane marubuci ya nazarta shi ne WrestleMania 13, babban wasan shekara na WWF, a Maris ɗin 1997. Bret Hart ya shiga a matsayin akta, Austin a matsayin bos. Masu tsarawa sun lura 'yan kallo sun fara karkata ga Austin, sai suka bi su maimakon su yi jayayya da su. Aka yi wasan da ba a ci sai ɗaya ya miƙa wuya. Bret ya maƙale ƙafafun Austin, jini na zuba a fuskarsa, ya ƙi sallamawa har ya suma. Bret ya ci, amma ya ci gaba da dukan wanda ke kwance. Cikin wasa ɗaya akta ya koma bos, bos ya koma akta, kuma wanda ya sha kaye shi ya fita da riba. Duk da haka ba a gaggauta ba shi babban kambu ba sai bayan shekara guda, a Maris ɗin 1998.

Ɗauki WCW kuma, kamfanin da ke gogayya da WWF a lokacin, ka ga yadda ake ɓata rawa da tsalle. Hulk Hogan ya juya ya zama bos a Yulin 1996 aka kafa ƙungiyar nWo, kuma daga tsakiyar wannan shekarar shirinsu na talabijin, Nitro, ya doke Raw, shirin WWF, a yawan masu kallo makonni 83 a jere. Sun ajiye Sting fiye da shekara guda ba ya kokawa, ba ya magana, yana leƙo Hogan daga saman rufi. Wannan gini ne mai kyau ƙwarai, kuma Starrcade na Disamban 1997, inda Sting ya kara da Hogan, shi ne wasan da ya fi kowanne kasuwa a tarihin kamfanin. Tsarin shi ne alƙali Nick Patrick ya yi ƙirgen uku da sauri don ya cuci Sting, sai Bret Hart ya fito ya sa a sake wasan. Sai Patrick ya ƙirga daidai. Abin da jama'a suka gani shi ne Hogan ya danne Sting ya ci shi sarai, sannan wani ya zo yana kukan zaluncin da babu shi. Daƙiƙa uku suka rushe aikin shekara guda, kuma kafin Afrilun 1998 ya ƙare kambun ya koma hannun Hogan.

Ba su ɗauki darasi ba. Goldberg, wanda suka ce ya ci wasa 173 ba faɗuwa, an kayar da shi a Disamban 1998 da sandar lantarki. Ranar 4 ga Janairun 1999 Hogan ya taɓa ƙirjin Kevin Nash da yatsa, Nash ya zube, kambu ya sauya hannu a gaban mutanen da suka biya kuɗi don ganin kokawa. A daren ne kuma mai sharhinsu ya tona cewa Mick Foley zai ci kambu a Raw, wanda an riga an ɗauka, da nufin hana mutane sauya tasha. Sai jama'a suka yi tururuwa can don su gani. A 2000 har ɗan fim David Arquette aka ɗaura wa kambun. A Maris ɗin 2001 Vince McMahon, mai WWF a lokacin, ya saye kamfanin.

Akwai ranar da tsari da gaskiya suka cakuɗe, ita ce 9 ga Nuwamban 1997 a Montreal. Bret Hart zai koma WCW, ya ƙi yarda ya faɗi wa Shawn Michaels a ƙasarsa Kanada, su biyun kuma ba sa ga maciji har a bayan fage. McMahon ya sa alƙali Earl Hebner ya kaɗa ƙararrawa alhali Bret bai miƙa wuya ba. Bret ya tofa masa yawu a gaban kyamara. A ganina cin amana ne, ko da wane uzuri aka kawo. Sai dai McMahon ya ɗauki ƙiyayyar da jama'a suka yi masa ya mayar da ita jari, ya zama azzalumin maigida da Austin ke yi wa tawaye, kuma wannan gabar ce ta karya rinjayen Nitro a Afrilun 1998.

Har yau ma'aunin bai sauya ba. Roman Reigns ya riƙe kambu kwana 1,316. Da aka hana Cody Rhodes nasara a kansa a 2023 mutane sun yi ta ƙorafi, amma jinkirin ne ya sa nasarar tasa a Afrilun 2024 ta yi armashi.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne idan wakilinku zai kawo labarin sauyin kambu, ya faɗi tun yaushe aka fara gina gabar, da yadda 'yan kallo suka karɓi ƙarshenta. Ya kuma riƙa bambanta raunin labari da na gaske. Alƙali yakan gicciye hannuwa sama idan an ji ciwo da gaske, amma kamfanoni sun gane jama'a sun san alamar, suna sa ta cikin labari ma. Abin dogaro shi ne a ji an yi tiyata, a kuma ga tsawon watannin da mutum ya ɓace. Triple H ya yaga naman cinyarsa a Mayun 2001, ya daure ya ƙarasa wasan, ba a sake ganinsa a dandali ba sai Janairun 2002.

Wassalam,
Naku, mai karatu kuma mai bibiyar kokawa.